Zuwa ga Yaya, daga Birmingham

Assalamu alaikum Yaya,

Ya gida, ya jikin Inna? Ranar Talata na turo naira dubu 400 ta asusunka. Dubu 250 na kwanon rufin ɗakin Inna ne, a gyara kafin damina ta kankama. Sauran na maganin hawan jininta. Don Allah kada kuɗin ya bi ta hannun Auta, kai da kanka za ka sayo.

Ni lafiya lau, sanyi ne kawai, shi ma an saba. Aikin dare nake a gidan kula da tsofaffi, in sun yi barci sai in ɗauko littafi. Ka tuna Dune na Frank Herbert, wanda na tsinta wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin babbar kasuwa, Baba ya ce shirme nake karantawa? Shi na koma wa, har da na biyun da ya fito a 1969. Da can Paul nake so, yaro ɗan shekara 15 ya faɗa hamadar Arrakis, ya ƙare da sarautar duniyoyi. A na biyu kuwa mulkin ya zame masa ƙaya, ya makance, ya nausa hamada shi kaɗai. Amma wannan karon Stilgar ne ya tsaya min a rai. Dattijo, shugaban mutanensa, shi ya ba yaron da uwarsa mafaka. Sannu a hankali aboki ya rikiɗe mabiyi, har Paul da kansa ya lura ya yi rashin aboki.

Yaya, kai ma tun da na fara aike ka daina yi min faɗa. A waya har Alhaji kake ce min, kai da kake goya ni a keke zuwa makaranta a Tudun Wada. Shekara 4 ban zo ba, aka binne Baba ba na nan, ba wanda ya ce min uffan. Gara ka zage ni.

Alhamdulillahi dai, ko wata ɗaya ban taɓa fashin aike ba.

Na ji wai Auta ya sayar wa mai ƙosai littattafaina na cikin akwatin ƙarfe. In gaskiya ne, abin da ya rage ka kai ɗakinka ka kulle. Kuma ka bincika ko yana zuwa Poli kuwa. Kuɗin rufin nan kada a taɓa shi don wani biki, ka turo min hoto in an gama.

A gaida Inna da Anti da yara.

Ƙaninka