Rahoton Kwamitin Gyaran Monitocin Ɗakin Kwamfuta

Assalamu alaikum. Mai girma Mai Unguwa, Malam Liman, shugaban makaranta, iyayenmu maza da mata.

A taron iyaye da malamai da ya gabata kun ɗora mana nauyin duba monitoci 12 da aka jibge a sito da sunan sun mutu, mu zo muku da shawara, ko a sayar wa 'yan gwangwan ko a yi karo-karo a sayo wasu. Alhamdu lillahi aikin ya kammala, kuma 9 daga cikinsu suna kan tebur yanzu, yara na karatu da su.

Kusan ciwonsu ɗaya ne. In an kunna sai ƙaramar fitilar gaba ta yi ta ƙiftawa, ko allon ya haska na ɗan lokaci ya ɗauke. Wasu kuma da safe sai an yi ta kashewa ana kunnawa, sai sun ɗumama tukuna su kama. Mai gyaran da muka kira, ɗan unguwar nan ne, yana jin bayanin malamin kwamfuta ya ce, "Malam, kafasita ce." Bai taɓa sukudireba ba tukuna.

A gabanmu ya buɗe ta farko. A kan fanel ɗin wuta akwai wasu 'yan ƙananan gwangwanaye a tsaye, su ne kafasitocin, kowanne da tsaga a kansa. Lafiyayye kansa a shafe yake. Waɗannan kuwa sun kumbura, biyu har sun tsage, wani abu mai ruwan ƙasa ya tsiyayo ya bushe a kai. A cikinsu akwai ruwan sinadari, da shi suke tace wutar da ke shiga allo, kuma zafi ne ke busar da shi. Ƙa'idar da masu ƙera su suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwanansu. To ku duba ɗakinmu: kwano ba silin, tebura manne da bango, ƙurar hunturu ta toshe ramukan shan iska na bayan kowace monita, sannan ga zafin Afrilu. Ƙari a kan haka, monitocin na hannu ne, tsofaffin yayi, kuma tsakanin 1999 da 2007 an cika kasuwannin duniya da kafasitoci masu gurɓataccen sinadari.

Wajen sayayya ne muka daɗe muna muhawara. Ma'aji ya so a canza waɗanda suka kumbura kawai, kuma da hujjarsa, domin kuɗin jama'a ne. Amma mai gyara ya gwada wasu da ido bai ga aibunsu ba, na'urar gwaji ta nuna sun gaji. Sai muka tsaya a kan a canza duka na ɓangaren da wuta ke fita a kowane fanel, kada a dawo baɗi ana sake kwance su. Mun kuma ƙi masu rubutun digiri 85, wato iyakar zafin da suke jurewa, muka nemi masu 105, na kamfanonin Japan irin su Panasonic da Rubycon. Jabunsu sun yi yawa a kasuwa, don haka sai da aka gwada kowace kafin a liƙa ta da dalma. Ƙarfin ajiya dole ya zo daidai da na tsohuwar, misali maikirofarad 1000 a maye da 1000. Lambar bolt kuwa tana iya ɗarawa, amma ba ta gazawa. Ƙafafun ma ba a juya su, ɓangaren da ke da zane a jiki shi ne nagatif, in aka yi kuskure tana iya fashewa.

Muna roƙon iyaye su ja kunnen samarinmu masu son kwance kaya. Akwai babbar kafasita guda a kowane fanel da ke iya riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare waya daga soket. Mai gyara bai sa hannu a ko ɗaya ba sai da ya sauke wutarta ya auna da mita.

Ukun da ba su tashi ba, ɗaya gilashinta ne ya tsage, biyu kuma fitilun bayan allonsu ne suka ƙone. Mun ajiye su don cire kayan gyara.

Da ragowar kuɗin an yi wa ɗakin silin, an sa fanka, an janye tebura daga bango. Wata baiwar Allah cikin iyaye mata ta ɗinka rigunan rufe monitocin kyauta, Allah Ya saka mata da alheri. A tuna dai, sai an kashe su sun huce ake rufewa.

Rasit na komai yana hannun ma'aji ga duk mai son dubawa. Abin da ya rage shi ne sitabilaiza, domin wutar janareton makaranta tana hawa da sauka, kuma kuɗin bai kai nan ba. Muna neman a sa maganar a ajandar taro mai zuwa.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti