Yadda ake kusantar maƙwabci tsohon soja

Ranka ya daɗe Edita,

A ba mu ɗan fili mu yi magana kan tsohon sojan da ke maƙwabtaka da mu. Ana tunawa da su ranar 15 ga Janairu a Najeriya, da 11 ga Nuwamba a Ingila, Faransa da Amurka, amma sauran kwanakin shekara suna hannun maƙwabta ne.

A fara da gaisuwa da gajeriyar ziyara, minti 20 ya isa. A tambaye shi shekarar da ya shiga aiki, bataliyarsa da abokansa. Kada a taɓa tambayarsa ko ya kashe mutum. Nan take hira ke mutuwa, wani ma ya kwana bai runtsa ba. In ya yi shiru, a ƙyale shi. Da yawansu ƙarar bindiga ta taɓa musu kunne, don haka a zauna ta gabansa yana ganin bakin mai magana, ba sai an ɗaga murya ba. Kada a dafa shi ta baya. In za a yi wasan wuta, a sanar da shi tun da rana, domin ƙarar bazata kan mayar da shi fagen daga.

Sai takardu, inda aka fi yin sakaci. Takardar sallama da lambar aikinsa su ne ginshiƙin neman fansho. A yi musu kwafi biyu, a ɗauki hotonsu a waya. Tsofaffin hotuna kuwa, a rubuta sunaye a bayansu da fensir, don tawadar biro takan huda ta ɓata fuska.

Daga wasu masu kula da tsofaffin sojoji