Masu manyan sifiku na Maradi, me kuke saurare?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan jaridarka. Ni mai gyaran rediyo da amfili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ne a nan Maradi, shagona yana kusa da babbar kasuwa. Na rubuto ne a kan wani abu da ba kasafai jarida ke ba shi fili ba, wato yadda muke sauraren waƙa a yau da kuma irin fayafayan da suka cancanci mutum ya zauna musu.

Akwai mu 'yan kaɗan a garin nan da Allah ya sa wa son sauti mai kyau. Muna da fada duk ranar Lahadi bayan la'asar, a zauren wani malamin makaranta da ya yi ritaya. Cikinmu akwai direban babbar mota mai zuwa Kwatano, akwai mai sayar da yadi, akwai samari biyu da suka shigo mana daga baya. Kayan da muke ji da su ba sababbi ba ne: tsohon amfili Sansui da na sake wa wasu 'yan kaya a ciki, dek ɗin kaset Technics, na'urar CD, da sifiku biyu na katako da muka ɗora a kan bulo muka janye su daga jikin bango. Zauren na ƙasa ne, an shimfiɗa tabarmi, shi ya sa sauti ba ya dukan bango ya dawo kamar yadda yake yi a ɗakin siminti mai rufin kwano. Doka ɗaya gare mu. Idan aka sa faifai, daga farko har ƙarshe za a ji shi, kuma ba a hira sai lokacin juya kaset ko zuba shayi.

Ba rashin sifika ke damun Maradi ba. Je ka wurin biki, ko shagon cajin salula, ko tashar mota, za ka ga sifikun da suka fi namu girma nesa ba kusa ba. Abin da ake zuba musu ne matsalar. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, wato ma'aunin yawan bayanan sauti, alhali yawancin waƙoƙin MP3 da ake loda wa mutane a katin memori 128 ne, wasu ma ba su kai ba. Tura waƙa daga waya zuwa waya ba ya rage mata komai, wannan mutane su kwantar da hankalinsu. Inda ɓarnar take shi ne idan aka ciro sautin daga bidiyo, aka sake matse shi don ya yi sauƙin turawa, wani ma ya kanga wayarsa a bakin sifika ya ɗauka sannan ya watsa a WhatsApp. Kowane matsi yana zubar da wani abu da ba ya dawowa, kamar furar da kowa ya karɓa sai ya ƙara mata ruwa kafin ya miƙa wa na gaba. Sai a kawo mini amfili a ce ya lalace, yana shaƙewa. In gwada shi da faifai mai kyau a gaban mai shi, ya ji lafiya lau yake.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kiɗanmu na Hausa ya fi kowane shan wannan wahala, domin daɗinsa yana cikin ƙananan abubuwa ne. A 'yan makonnin nan Alhaji Musa Ɗanƙwairo muka fi sa wa a fada, daga wasu kaset da malamin namu ya adana tun yana koyarwa. A waya, Ɗanƙwairo murya ɗaya ce da hayaniya a bayanta. A kan dek mai tsabtataccen kai kuwa, sai ka ji ashe 'yan amshinsa ba baki ɗaya suke tafiya ba. Wani ya karɓe ɗan waƙar tun jagora bai sauke ba, wani ya ƙara a kai, wani yana ƙasa yana riƙe da amshi, kotso kuma yana ratsawa tsakaninsu yana faɗin nasa. Ɗaya daga samarinmu, wanda ya tashi da jin Ɗanƙwairo a wayar mahaifinsa, sai da ya sa aka mayar da wani wuri baya don ya ƙidaya muryoyin. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, yaron bai zo duniya ba a lokacin, amma ranar ya zauna bai taɓa wayarsa ba har kaset ya ƙare.

Haka Mamman Shata. Kalangu ganga ce mai magana, makaɗi yana matse tsarkiya a hammata sautin ya hau, ya sake ta ya sauka. Wannan hawa da saukar, musamman ta ƙasa, ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da ita, sai dai ka ji ƙwas ƙwas. Wanda bai taɓa jin kalangan Shata a sifika mai faɗin ciki ba, rabin waƙar ya ji. Narambaɗa kuwa ɗaukar da aka yi masa tsohuwa ce ƙwarai, akwai shuuu a cikinta, kuma ina roƙon masu gyara sauti a kwamfuta su daina kankare wannan shuuu ɗin da ƙarfi, don tare da shi suke kankare muryar. Mu a haka muke jin Dokin Iska Ɗan Filinge, kuma ba wanda ya taɓa ƙorafi. Ɗan Maraya Jos shi ne mai sauƙi, kuntigi mai tsarkiya ɗaya da murya, ko a ƙaramin rediyo yana fita.

Sai namu na gida Nijar, waɗanda nake ganin mun fi yi wa sakaci. Na farko da zan ambata shi ne Niamey Twice na 1994, wanda marigayi Sa'adu Bori, ɗan garin nan, ya yi tare da Musa Pusi, kamfanin Stern's na Landan ya fitar. Ko'ina a Maradi an san muryar Sa'adu, an yi rawa da ita a bukukuwa ba adadi, amma mutum nawa ne suka taɓa zama suka ji faifan a natse, suka ji yadda ya ɗauko kiɗan bori ya ɗora shi a kan jita da ganguna na zamani? Direbanmu ne ya samo mana CD ɗinsa, kuma tun da ya zo bai yi wata guda a ajiye ba.

Na biyu marigayi Malam Mamman Barka, wanda muka sani da gurmi, ya rasu a 2018. Mutane da yawa ba su san cewa ya je wajen Buduma na tafkin Chadi ya koyi biram ba, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale, a lokacin da masu kaɗa shi suka kusa ƙarewa. Faifan da ya yi da shi ya fito a 2009, shi da makaɗinsa Umaru Adamu. Wannan faifan da shi nake gwada sifika idan na gama gyara. Tsarkiyar biram tana da wani kauri da ke daɗewa a iska bayan an taɓa ta. Idan takardar sifika ta tsage ko ta saki, nan take za ka ji tana karkarwa a wurin.

Akwai kuma Mamman Sani, mai organ. Duk wanda ya girma da rediyo da talabijin na ƙasa ya sha jin kiɗansa a tsakanin shirye-shirye ko da bai san sunansa ba. A 1978 ya ɗauki kaset ɗinsa a Yamai, ya kusa ɓacewa, sai a 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake buga shi a faifan garmaho. Na ji daɗin hakan, kuma na ji kunya a madadinmu duka, a ce sai daga wata ƙasa za a zo a tono mana abin da ke cikin akwatunanmu. A ƙara da Denké-Denké na ƙungiyar Mamar Kassey, na 1999, don sarewar Yakuba Mumuni, da Kaani na Tal National, na 2013, ga mai son jita mai gudu.

Samarin fada su suka kawo mana Bombino da Mdou Moctar. Faifan Bombino mai suna Nomad, na 2013, a Amurka aka ɗauke shi, kuma an ji hannun ƙwararru a ciki. Na Mdou Moctar kuwa, Afrique Victime na 2021, yana son amfili mai ƙarfi, in ba haka ba jitar tana cushewa wuri ɗaya. Ni dai ba kullum nake iya masa ba, amma ba na musun gwanintar.

Daga waje, faifai ɗaya zan ambata, don ya ishi misali. In the Heart of the Moon, na Ali Farka Ture da Tumani Jabate, ya fito a 2005. A wani ɗaki na otal ɗin Mande da ke bakin kogin Kwara a Bamako aka ɗauke shi, jita da kora mai tsarkiya 21, kusan ba tare da wani gwaji ba, kuma ya ci kyautar Grammy. Idan ka daidaita sifikunka, ka zauna a tsakiya yadda nisanka da kowace ya yi daidai da nisan da ke tsakaninsu, za ka iya nuna inda kowane makaɗi yake zaune. Ali ya rasu a 2006, Tumani a 2024. Duk lokacin da muka sa shi, tambaya ɗaya ce ke tasowa a wurin shayi: me ya hana a ɗauki makaɗanmu na fadar sarakuna da irin wannan kulawa tun suna raye? Muna da masarautar Katsina a nan Maradi, ga ta Gobir a Tibiri, kowace da makaɗanta da masu algaita da kakaki. Yawancin abin da ake ɗauka nasu yau da waya ake ɗauka, a cikin taro, iska tana bugun makirfo.

Kada a ce ina ƙin waƙoƙin zamani na situdiyo. Akwai masu murya da basira a cikin yaran nan, na Kano da namu. Abin da nake roƙon masu haɗa musu sauti shi ne su rage cika ƙara. Ana tura komai sama har ya daki rufi, ganga da murya da fiyano duk tsayinsu ɗaya, babu wurin da waƙa za ta yi ƙasa balle ta taso. Minti goma kunne ya gaji. Kuma kunne ba ya da gyara a shagona ko shagon kowa. Matasan da ke kwana da abin ji a kunne a ƙure, da masu zama dab da sifikar biki, su sani jin da ya tafi ba ya dawowa.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kaset. Tun da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, babu abin da ya adana muryoyin ƙasar Hausa kamarsa, kuma yanzu yana mutuwa a hannunmu. Zafin watan Afrilu a nan yana wuce digiri 40, zaren yana manne wa juna a cikin kwali. Ƙurar hunturu tana shiga ta goge shi. Sau da yawa ana kawo mini buhun kaset bayan rasuwar wani dattijo, a ce in duba ko akwai mai amfani kafin a zubar. A irin wannan buhun na taɓa samun ɗaukar wani makaɗin gurmi a wurin suna, babu suna a jiki, babu shekara, kuma duk wanda na sa wa bai gane shi ba.

Ga abin da nake faɗa wa duk mai irin wannan ajiya. A raba kaset da rana da bayan sifika, domin maganaɗisun sifika yana shafe abin da ke kan zare. Kafin a sa tsohon kaset, a zagaya shi da biro a ga ko zaren yana tafiya, sannan a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi. A goge kan dek da robar da ke jan zare da auduga da ɗan alkol, a bari ya bushe. Idan murya tana rawa ko tana jan jiki, yawanci bel ɗin da ke juya dek ne ya saki, ƙaramin gyara ne. Wanda zai juye shi a kwamfuta ya haɗa da kebul daga dek kai tsaye, ya ajiye shi a WAV ko FLAC, nau'in fayil da ba ya zubar da komai na sauti, in ya so ya yi MP3 daga baya don rabawa. Kuma don Allah a rubuta sunan makaɗi da garinsu da wanda aka yi wa waƙar, tun akwai tsofaffin da za a tambaya. Wanda ke da amfili kuma ya nema masa abin daidaita wuta, don yadda take ɗaukewa ta dawo da ƙarfi shi ne ke ƙona yawancin waɗanda ake kawo mini.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware mana ɗan fili ko sau ɗaya a wata, inda masu karatu daga Maradi, Damagaram, Tawa, Katsina da Kano za su riƙa rubuto abin da suke saurare, da na'urar da suke ji da ita, da inda suka samo shi. Ta haka mai kaset ɗin Ɗan Anace mai tsabta zai san akwai mai nemansa, mai dek ɗin da ke aiki ya san akwai mai buƙatar aro. Mu a fadarmu yanzu haka muna neman tsofaffin kaset na Sa'adu Bori da aka sayar a kasuwar nan kafin CD, da duk wata ɗauka ta makaɗan fadar Tibiri. Wanda ke da su ya sanar ta hannun jaridarka, za mu juye mu mayar masa da kayansa yadda ya ba mu, tare da kwafi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka mai karatu,
Mai gyaran rediyo, Maradi