Wasiƙa ga iyaye: farautar dila da rediyo a gandun itatuwan bayan makaranta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da masu riƙon ɗalibanmu, muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya, da fatan kuma hazo da sanyin hunturun nan ba su takura wa iyali ba.

Tun makon jiya wayar ofis ba ta huta ba. Yara sun koma gida suna cewa za su shiga daji farautar dila, alhali a wannan zamani duk uban da ya ji an haɗa sunan ɗansa da daji dole gabansa ya faɗi. Wata uwa ta iso makaranta tun kafin a kaɗa ƙararrawar safe, ta ce ita fa ba ta kawo ’yarta boko don ta zama mafarauciya ba. Wani uba kuma cikin raha ya aiko a tambaye mu ko za a kai masa nasa kason naman. Laifinmu ne, domin kamata ya yi wasiƙa ta riga yara isa gida. A yi mana afuwa, ga bayanin.

Babu dila, babu kare, babu gora. Abin da yaran ke kira dila wani ɗan akwati ne da bai fi kwalin shayi girma ba, a cikinsa akwai batir da na’urar da ke watsa siginar rediyo mai rauni. Za a ɓoye irinsa guda biyar a cikin itatuwa. Kowane rukuni na ɗalibai za a ba shi rediyo mai eriyar da ke nuna ɓangaren da sauti ke fitowa, da taswira, da kamfas mai nuna arewa, sai su bi kunnensu har su gano akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Turawa da Rashawa sunan yanyawa suke laƙaba wa wasan. Yaranmu suka ce su dai dila suka sani a tatsuniya, malamin daji mai wuyar kamu, sunan kuwa ya bi shi.

Ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Ya bunƙasa ne a ƙasashen arewaci da gabashin Turai a shekarun 1950, a hannun masu sha’awar rediyo, wato mutanen da ke haɗa na’urorinsu suna magana da juna ta iska don ilimi da nishaɗi, ba don kuɗi ba. An yi gasar Turai ta farko a birnin Stockholm na Suwidin a 1961, ta duniya kuma ta farko a ƙasar Folan a 1980. Ƙungiyar masu sha’awar rediyo ta duniya, IARU, wadda aka kafa a Faris a 1925, ita ke riƙe da dokokinsa. A Rasha da Sin da Jamhuriyar Cek akwai yaran makaranta da ke tashi da shi tun suna ƙanana, kamar yadda namu ke tashi da ƙwallo.

Ga iyayenmu da suka girma da rediyo a hannu, sirrin abin ba baƙo ba ne. Ku tuna yadda ake kama Rediyon Kaduna a matsakaicin zango: idan murya ta dushe, ba maɓalli ake taɓawa ba, rediyon ake juyawa gaba ɗayansa har ta fito tar. Abin da ke jawo haka wani ɗan sandan baƙin ƙarfe ne da aka naɗe da waya a cikin rediyon. Idan gefensa ya fuskanci tashar, sauti ya yi ƙarfi. Idan kuwa tsininsa ne ya nuna ta, sai ya kusa ɗaukewa ɗif. Da wannan malamin kimiyya ya buɗe darasin farko. Ya aro tsohon rediyon maigadinmu, ya ɗora shi a kan tebur, ya riƙa juya shi a hankali, ya ce kowa ya ɗaga hannu a daidai inda muryar ta ɓace. Aji ya yi tsit, abin da ba kasafai ake samu ba a aji uku. Da muryar ta ɓace, ya shimfiɗa rula a tsawon rediyon, ya ce tashar tana kan wannan layi, ko gaba ko baya. Maigadin yana tsaye a bakin taga yana jiran kayansa, ya ce shi shekara da shekaru yana juya rediyon nan, bai taɓa sanin hanyar Kaduna yake nunawa ba.

A gasar duniya zango biyu ake amfani da su: na mita 80, wanda ke kan megahaz 3.5, da na mita 2, wanda ke kan megahaz 144. Na mita 80 da irin wancan sandan yake aiki, shirun ake bi. Mu da na mita 2 za mu fara, saboda rediyonsa ya fi sauƙin samu, kuma yara na iya haɗa eriyarsa da hannunsu. Sun kuwa haɗa. Sun sami bututun roba irin na masu gyaran famfo, suka yanka tef ɗin awo na ƙarfe irin na kafintoci gida uku, kowane yanki wajen mita ɗaya, suka ɗaure su a gicciye. Tef ɗin yana da wata fa’ida da sandan ƙarfe ba shi da ita: idan ya bugi reshe lanƙwashewa yake ya dawo, ba ya karyewa, ba ya kuma tsone wa na kusa ido. Wannan irin eriya ita ake kira Yagi, sunan ɗaya daga cikin Japanawa biyu da suka fito da ita a 1926, kuma ’yar’uwar wadda muka saba gani a kan rufin gidaje ce ta kama talbijin. Inda ka nuna ta sauti ya fi ƙarfi, can dila yake.

Akwatunan biyar ba sa kuka tare. Kowanne minti ɗaya yake yi ya yi shiru, na gaba ya karɓa, sai bayan minti biyar layi ya sake zagayowa kansa. Kowanne yana faɗin sunansa da harufan Mos, irin na wayar tangaraho ta da. Duka da MO suke farawa, wato dogon sauti biyu sannan dogon sauti uku, sai ɗigo, wato gajeren sauti, ya biyo baya: na farko ɗigo ɗaya, na biyu biyu, haka har na biyar mai ɗigo biyar. Saboda haka ba sai yaro ya haddace Mos ba, ya dai iya ƙirga ɗaya zuwa biyar. A wurin gamawa akwai wani na shida a kan mitarsa daban, yana ta faɗin MO ba ƙaƙƙautawa, don duk wanda ya rikice ya bi shi ya dawo gida.

A nan wasan yake da daɗi, a nan kuma yake da wuya. Dilan da kake nema minti ɗaya kacal zai ba ka, sannan ya yi gum na minti huɗu. Mai gaggawa zai ji sauti ya zura da gudu, kafin ya kai ko’ina sautin ya ɗauke, ya tsaya yana zare ido a tsakiyar itatuwa. Mai natsuwa kuwa a cikin wannan minti zai juya eriya, ya duba kamfas, ya ja layi a taswira. Ya yi gaba zuwa wani wuri, idan layi ya zagayo ya sake ja wani. Inda layukan biyu suka gitta juna, nan ne maɓoyar. Wannan shi ne darasin kusurwa da nisa da ke fitowa a lissafin jarrabawar WAEC, wanda ɗalibai da yawa ke tsallakewa idan sun gan shi a takarda. A gwajin da muka yi, ba ’yan wasan gudunmu ne suka zo na farko ba. Wasu ’yan mata uku ne na aji biyu, waɗanda ko sau ɗaya ba a ga sun ɗaga ƙafa da sauri ba.

Gwajin ya koya mana wasu abubuwa kuma. Wani rukuni ya shafe wajen minti ashirin yana kewaya tankin ruwan makaranta, suna rantsuwa dila yana ƙarƙashinsa. Ashe siginar mita 2 tana dukan ƙarfe ko dutse ta dawo, kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya, su kuwa kuwwar suke bi. Wasu kuma da suka zo daf da akwatin sai sauti ya cika musu kunne ta kowane ɓangare, suka rasa gabas suka rasa yamma, alhali yana bayan kututturen da suka jingina da shi. Maganin wannan shi ne a riƙa rage ƙarfin abin da ke shiga rediyo yayin da ake matsowa, kuma yanzu sun koya.

Babban darasin dai namu ne, mu malamai. Mun ajiye akwati ɗaya a gindin wata tsamiya muka tafi. Wata baiwar Allah da ta shigo neman itacen girki ta ga akwati da waya a jikinsa da ’yar fitila tana ƙyaftawa, ta yar da dammin itacenta ta ruga gidan mai unguwa. Kafin mu ankara ’yan sintiri sun kewaye wurin. Sai da malamin kimiyya ya buɗe akwatin a gabansu ya kunna musu kukan a rediyo kafin hankali ya kwanta. Ita ta yi daidai ɗari bisa ɗari, haka muke so kowa ya yi idan ya ga abin da bai gane ba. Mu ne muka yi azarɓaɓi. Mun je mun ba ta haƙuri mun kuma gode mata. Yanzu mai unguwa da ofishin ’yan sanda na yankinmu da shugaban ’yan sintiri duk suna da takardarmu a hannu, kowane akwati an liƙa masa sunan makaranta, kuma ba za a bar ko ɗaya shi kaɗai ba, malami zai zauna kusa da shi.

Maganar wuri ita ce ta fi damun iyaye, don haka mu fayyace ta. Ba wani daji mai nisa za a je ba, ba kuma mota za a shiga ba. Gandun darbejiya da turaren da ke bayan filin ƙwallonmu ne, wanda hanya ta kewaye shi ta ɓangare uku, katangar makaranta ta rufe na huɗun. Manya a gasar duniya sukan yi kilomita shida zuwa goma, kuma doka ta ce a bar aƙalla mita 400 tsakanin akwati da akwati. Gandunmu ba zai ɗauki wannan ba, don haka mun matso da su kusa, duka zagayen ba zai wuce kilomita biyu ba. Ba a sakin yaro shi kaɗai kamar yadda ake yi wa manya, uku-uku za su tafi, maza daban mata daban, kowane rukuni da usur. Busa uku a jere na nufin a kawo ɗauki. Mun zaɓi hunturu da gangan, domin ciyawa ta bushe ana ganin ƙasa, macizai kuma sun rage yawo. Duk da haka an hana cusa hannu a rami ko ɗaga dutse, kuma babu dilan da za a ɓoye a irin waɗannan wurare. Kusa da kowanne akwai tuta mai launin fari da ruwan lemo, da abin huda kati, shaidar cewa an iso.

Akwai kuma doka. Saurare ba ya buƙatar izini, amma watsa sigina sai mai lasisi. Wani tsohon ɗalibinmu da ke da lasisin, mai lambar kira da ta fara da 5N kamar ta kowane mai wannan sha’awa a Najeriya, shi ya ba mu aron akwatunan, shi zai kunna su shi zai kashe. Rediyoyin da ke hannun yara an toshe musu maɓallin magana, ji kawai suke yi.

Wani zai ce ina amfanin wannan ga yaron da ke fama da jarrabawa. Da irin wannan dabara masu kula da namun daji ke bin sawun giwa ko zakin da aka rataya wa na’ura a wuya. Da ita masu ceto ke laluben jirgin da ya faɗi, suna bin siginar gaggawa ta megahaz 121.5. Da ita injiniyoyin sadarwa ke gano abin da ke dagula wa wata tasha sauti. Ba mu ce duk yaranmu za su zama injiniyoyi ba. Amma mun ga yaron da ba ya iya zaman minti biyar a aji ya tsaya cak da iyafis a kunne yana jiran ɗigo na huɗu, kuma a wurinmu wannan ya biya kuɗin tef ɗin awo.

Gasar za ta kasance ranar Asabar ta farko bayan jarrabawar tsakiyar zango, in Allah Ya kai mu. Rukunin farko zai tashi da ƙarfe takwas na safe, sai a riƙa sakin na gaba duk bayan minti biyar, daidai lokacin da dila na ɗaya ya fara kuka. Kowane rukuni minti casa’in gare shi. Wanda ya fi yawan dila shi ne a gaba, idan an yi kunnen doki a duba lokaci, wanda kuma ya wuce wa’adi ya fita ko da ya samo duka biyar. Za a tashi kafin azahar.

A turo yaro da takalmi rufaffe, ba silifas ba, da dogon wando saboda ƙaya da ƙarangiya. ’Yan mata su sa wando a ƙarƙashin kayan makaranta da ɗan gajeren hijabi wanda reshe ba zai riƙe ba. Kowa ya zo da gorar ruwa, a kuma tabbatar ya karya kafin ya fito. Wayar salula a bar ta a gida, dokar wasan ma ta hana. Yaron da ke da asma ko sikila ko wata larura a rubuta mana a takarda, akwai aikin riƙe agogo da rubuta sakamako a inuwa, kuma su ma suna cikin masu karɓar takardar shaida. Ba a biyan ko sisi.

Muna neman iyaye maza da mata da za su tsaya mana a bakin hanyoyin nan uku, da uwa ko uba mai aikin jinya da zai zauna da akwatin taimakon gaggawa. Wanda ke da tsohon rediyo mai matsakaicin zango da ba ya amfani da shi, ko tef ɗin awon da ya daina naɗewa, kada ya jefar, ya aiko mana. Idan yara sun gama, za a bar dila ɗaya a kunne don iyayen da ke son gwadawa. Maigadinmu ya riga ya rubuta sunansa.

A sa hannu a takardar amincewa da ke manne da wannan wasiƙa, a dawo da ita wurin malamin aji kafin ranar Alhamis. Yaron da bai kawo tasa ba zai yi kallo ne daga bakin fili. Mai tambaya kuma ƙofar ofis a buɗe take bayan an tashi.

Wassalamu alaikum.

Shugaban makaranta, a madadin malaman ƙungiyar kimiyya