A rubuta salsalar ƙananan al'ummu tun masu labarin suna raye

Ya Edita,

Assalamu alaikum, ina gaishe ka da duk ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan ara min fili, akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai kuma na ga in ban faɗe ta a inda jama'a za su karanta ba to ban yi wa kaina adalci ba.

Yau shekara uku kenan ni da wasu 'yan uwana huɗu muna bin diddigin asalin zuriyarmu da tarihin ƙaramar al'ummar da muka taso a cikinta, babu wanda ya karanci tarihi a jami'a a cikinmu, waya ce kawai da littafin rubutu da haƙuri. Abin da ya tayar da mu tsaye rasuwar yayar kakana ce. Ranar da ta rasu wasu mutane suka zo daga nesa, kowa ya san dai dangi ne, amma da aka zo tambayar ta ina aka haɗu sai gida ya yi tsit, wannan yace ta wajen uwa ne wancan yace a'a ta wajen uba, daga ƙarshe wani dattijo yace ai da tana nan da tuni ta warware muku. Wallahi maganar nan ta tsaya min a wuya har yau. Shekara da shekaru ina zama gabanta tana lissafo wane ya haifi wane ina jin ta kamar hirar tsofaffi kawai, ko sau ɗaya ban ɗauki biro ba.

Manyan birane da sarakuna da yaƙe-yaƙe suna da masu rubuta su, ana ma rige-rige a kai. Amma ƙaramar al'umma fa? Wa ya fara sauka a wurin, me ya baro da shi daga inda yake, wace rijiya aka fara haƙawa, wace annoba ce ta cinye rabin wani gida, me ya sa gida kaza da gida kaza ba sa ga maciji tun kaka da kakanni, duk wannan babu wani farfesa da zai taso ya zo ya rubuta muku, in ku ba ku yi ba shikenan ya tafi.

Abu na farko da muka ci karo da shi, kuma ina ganin duk wanda ya shiga wannan aiki zai ci karo da shi, shi ne ramin da ke tsakiya. Za ka ga mutum ya san ubansa da kakansa da kakan ubansa sarai har da halinsu da sana'arsu, sannan ya san sunan wanda aka ce shi ne tushen zuriyar tun can farko har da labarai masu daɗi a kansa, amma tsakanin waɗannan biyun babu komai sai hazo. Da farko na ɗauka mu kaɗai ne, ashe wani masanin tarihi ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Jan Vansina wanda ya yi bincike a Kongo da Ruwanda, ya kuma fitar da littafi kan tarihin baka tun 1961, ya lura da haka a wurare da dama. Ƙwaƙwalwar jama'a tana riƙe na kusa da kuma na farkon farko, na tsakiya ne ke zubewa, kuma duk lokacin da aka haifi sabon jika ramin sai ya ƙara matsowa gaba ya haɗiye wani suna.

To ya za a yi mutum ya gane sunaye sun zube? Masanin tarihi Ibn Khaldun ya ba da wani ma'auni mai sauƙi a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, yace a duk shekara ɗari a ƙirga iyaye uku a jerin nasaba, in lissafin ya yi nisa da haka to akwai ƙari ko ragi. Mu da muka gwada a namu sai abin ya ba mu mamaki, jerin da aka ba mu suna tara ne daga ni zuwa tushen, amma ana cewa tushen ya rayu shekara ɗari shida da suka wuce. Suna tara ai wajen shekara 300 ne. Ka ga kenan ko dai rabin sunayen sun ɓace ko kuma an ƙara wa zuriyar tsufa don ta yi armashi. Da muka ci gaba da tonawa muka gano aƙalla wuri ɗaya da aka haɗe mutum biyu suka zama ɗaya saboda an sa wa jika sunan kakansa, shi ya sa ake ba da labarin wai ya yi shekara ɗari da hamsin a duniya. Wani wurin kuma wa da ƙane ne aka mai da su uba da ɗa saboda ɗaya ya gaji ɗaya a riƙon gida.

Yanzu ga abin da ya fi damuna kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Wannan ramin na tsakiya shi mutane ke cikawa da son zuciya. Kowa so yake a ce ya fito daga tsatson wani babban sarki ko shahararren malami ko jarumi, sai a ɗauko sunan a liƙa a saman jerin a buga a takarda mai kyau a tura a WhatsApp, bayan shekara goma yara sun taso sun ɗauka gaskiya ce tsantsa tunda a rubuce suka gani. Ƙaryar da aka rubuta ta fi ta baki illa don ita ba ta mutuwa da mai ita. Mu kanmu an matsa mana lamba, wani baffanmu da nake girmamawa sosai yace lallai mu sa wani suna da babu wata hujja a kansa sai ji-ta-ji-ta, da na ƙi har ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata yadda ya saba, abin ya yi min ciwo amma na kasa sa sunan. Ai ko a addini maganar ba ƙarama ba ce, akwai hadisi a Bukhari da Muslim mai tsananin gargaɗi ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane, kuma hadisin da ke cikin Tirmizi da ya kwaɗaitar da sanin nasaba ya faɗi dalilin ƙarara, don a sada zumunci ne. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ma sanin juna ta ambata a matsayin dalilin da aka yi mu dangogi da ƙabilu. Babu inda aka ce don alfahari.

Kuma kamar yadda ake ƙara wanda babu haka ake goge wanda yake akwai. Kakan da talaka ne futuk, ko baƙo ne da ya zo neman abinci ya zauna, ko an taɓa bautar da shi, sai a yi shiru da sunansa kamar bai taɓa shan iskar duniya ba, alhali jininsa ne ke gudana a jikin masu jin kunyar tasa. Ni dai a wurina mutumin da ya zo wuri da hannu biyu ya tsaya ya kafa gida har yau ga zuriyarsa ɗaruruwa, labarinsa ya fi na sarkin aro daraja nesa ba kusa ba.

Sai maganar mata, wadda ita ma tana ƙona min rai. Kusan duk jerin da muka samu maza ne zalla, wane ɗan wane ɗan wane, kamar daga sama suka faɗo. Ba mu kaɗai ba ne kuma, kundin zuriyar Confucius, tsohon masanin falsafa na ƙasar Sin, da ya haura hawa 80 yana ɗauke da sunaye kusan miliyan biyu, sai a bugun 2009 aka fara sa mata a ciki. Amma a yi lissafi mana, iyayenka 2, kakanni 4, na gaba 8, na gaba 16, in ka koma hawa goma mutum 1,024 ne, jerin maza zalla kuwa mutum ɗaya tak yake nuna maka a cikin dubun nan. In ka kai hawa talatin lissafin ya wuce biliyan ɗaya, wanda ya fi yawan mutanen duniya na wancan zamanin, ma'ana dole mutum ɗaya ya riƙa fitowa ta rassa da yawa saboda auratayya, a ƙaramar al'umma kuwa abin ya fi ƙarfi, in ka bi ta wajen iyaye mata sai ka tarar gidajen da ke hararar juna kakarsu ɗaya. Kuma a aikace tsofaffin mata su suka fi ba mu bayani, su suka san wa ya auri wa, wa aka saka, wane yaro ya rasu yana goye ba a ma ƙirga shi. Mazan sun fi riƙe muƙamai da rigingimun gona.

Ga mai son farawa, ka fara daga kanka ka yi baya, kar ka fara daga shahararren suna ka riƙa neman hanyar gangarowa zuwa kanka don ta nan ƙarya ke shiga. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka zauna da tsoho shi kaɗai don in akwai na gaba da shi a wurin ba zai saki baki ba, kar ka katse shi ko da ya yi nisa da tambayarka, sau da yawa a wannan kewayen ne abin da kake nema yake fitowa. Duk bayanin da ka rubuta ka sa wa ya faɗa maka, yaushe, shi kuma daga wa ya ji, kamar dai yadda malaman hadisi suka yi da isnadi. In mutum biyu suka saɓa ka rubuta duka biyun ka bar su a haka, ba aikinka ba ne ka zaɓi wanda ya fi daɗin ji. Kuma ka tambayi sunan yanka da laƙabi duka, mun yi wata uku muna neman mata biyu ashe mace ɗaya ce.

Shekaru kuwa tsofaffi ba sa riƙe su da lamba, da abin da ya faru suke riƙewa, kuma wannan ma hanya ce. In aka ce an haifi wane shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito to akwai ta Halley da aka gani a 1910 da kuma 1986, in aka ce lokacin babbar murar da ta kashe mutane a duniya to 1918 zuwa 1919 ne, Yaƙin Duniya na Biyu 1939 zuwa 1945, kusufin rana ma masana taurari suna iya fitar maka da ranarsa daidai a ko wane wuri. In takardar da shekarar Hijira aka rubuta ta a tuna ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, shekara 100 ta Hijira kusan 97 ce ta Miladiyya.

Takardu kuma kar a raina ko wace iri, rajistar makaranta, rasit ɗin haraji, takardar gona, tsohuwar wasiƙa, rubutun da wani ya yi a bangon littafi ranar da aka yi masa haihuwa, bayan tsohon hoto. Kar a manna musu salatif kar a kuma kai su a yi musu laminatin don lalata su yake yi, a ɗauki hotonsu da waya a wuri mai haske a mayar wa masu su. Sannan a rarraba kwafi hannu da yawa, wannan kam ina roƙo da babbar murya. A 1922 gobara ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a Dublin ta ƙasar Ailan, mafi yawan takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 suka tafi, Amurka ma ta yi asarar kusan duk ƙidayarta ta 1890 sanadin gobarar 1921. In gwamnatoci sun yi irin wannan asara ina ga akwati ɗaya a ƙarƙashin gado da gara da yoyon ruwa ke jira, ko waya ɗaya da za ta iya faɗawa ruwa gobe.

Gwajin DNA da matasa ke ta zumuɗi a kai yana da amfaninsa, yana iya nuna ko gida biyu sun haɗa kaka ta wajen maza, amma ba zai ba ka suna ko labari ba, kuma bayanin jininka ba naka kai kaɗai ba ne na dangi ne gaba ɗaya, a 2023 an yi wa wani babban kamfanin gwajin a Amurka kutse aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 6.9. Haka abin da ya shafi rayayyu ko wani sirri da zai tarwatsa gida, mu mun yanke shawarar ajiye shi ba tare da yaɗawa ba, ajiyewa daban gogewa daban.

Roƙona gare ka ya Edita shi ne a ware ko da rabin shafi ne a wata, inda ƙananan al'ummu za su riƙa turo abin da suka tattara, da sharaɗin kowa ya faɗi daga wa ya ji, wanda ya san wani abu daban ya turo gyara cikin mutunci. Ƙasar Aisland da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba tun 2003 suke da rumbun salsala a intanet da ɗan ƙasa zai shiga ya ga yadda yake da ɗan uwansa, kuma tushen aikin tsofaffin rajistoci ne da rubuce-rubucen mutanen da suka damu da asalinsu. Mu a namu ɓangaren yanzu mun tabbatar da hawa shida ta wajen maza da hawa huɗu ta wajen mata, sauran mun bar gurbinsu fari mun rubuta ba a sani ba tukuna. Saura tsohuwa ɗaya da ta san ɓangaren kakata ta wajen uwa, ji ya fara yi mata nauyi, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je wurinta da littafina.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Mai bibiyar jaridarku a kullum