Zayyanar allo ba kwafi ba ce

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai albarka, in amayar da wata magana da ta tsaya mini a rai tun bayan Babbar Salla.

Ni mai zayyana ne. Shekarata 31 ina wannan aiki a cikin birnin Zariya, a zauren da na gada. Idan yaro ya sauke Alƙur'ani, iyayensa sukan kawo mini allo, in manna masa takarda, in rubuta Fatiha a fuska ɗaya, farkon Baƙara zuwa "muflihuna" a ɗayar, sannan in kewaye su da ado. Alƙur'ani kuwa, izu sittin, na rubuta shi da hannuna sau huɗu.

Kwanakin baya wani yaro mai karatun zane-zane a jami'a ya zo wurina yana binciken kammala karatunsa. Yaro mai ladabi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ɗauki hotuna da wayarsa har ya gaji, can ya ce, "Baba, aikin nan ya yi kyau, amma ai babu ƙirƙira a ciki. Abin da kuka tarar shi kuke maimaitawa." Na yi dariya na wuce. Da dare ya yi maganar ta hana ni barci, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba.

Gaskiya ne akwai abin da ba mu taɓawa. Aya ba ta karɓar ƙari ko ragi. Ruwayar Warshu muke bi, kuma kowace tawada da aikinta: baƙa ga baƙaƙe, ja ga wasula, rawaya ga hamza, kore ga alifin da ake sadarwa. Wanda ya ce zai nuna gwaninta a nan, jahilcinsa zai nuna. To amma a ajiye alluna uku a gaban kowane gardi da ya san abin da yake yi, babu suna a jikinsu. Nan take zai ce wannan hannun Kano ne, wancan na Barno ne, wannan kuwa na wane ne. Da kwafi muke yi, ta ina zai gane? Me ya sa almajirai suke gane rubutun Sharif Bala na Kano tun daga nesa, ko da an buga shi a na'ura?

Tun daga fiƙe alƙalami hannu ke fara bambanta. Ni nakan zaɓi gamba wadda ta bushe a inuwa, in sa reza in karkata bakinta kaɗan zuwa dama, in tsaga ta daidai tsawon ƙwayar shinkafa. Abokin karatuna a tsangaya yakan bar nasa da faɗi, shi ya sa harafin kaf ɗinsa ke zama kamar raƙumi ya durƙusa, nawa kuwa a tsaye yake. Tawadar takarda ma kowa da yadda yake dafa bagaruwarsa da adadin ƙaron da yake sawa. Idan aka zo manyan zayyanoni, irin waɗanda ake yi a farkon A'arafi da Maryam da Sad domin raba Alƙur'ani kashi huɗu, nan fili ne a buɗe. Ni kaina akwai wani saƙi da nake yi a kusurwa wanda ban gada wurin kowa ba. A jikin faifan mahaifiyata na gan shi, wanda take rufe ƙwaryar fura da shi. Na yi wata biyu ina ɓata takarda kafin ya yarda ya zauna a allo.

Abin da yaron nan bai tambaye ni ba, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne halin da zuciya take ciki lokacin aikin. Ina ɗan shekara ashirin da wani abu, na yi wa wani mutum zayyanar ɗansa, muka yi sa-in-sa a kan kuɗi. Na koma na zauna a buzu raina a ɓace, na ƙarasa aikin. A idona ya fi duk wanda na taɓa yi kyau. Na kai wa malamina, Allah ya jiƙansa, ina jiran yabo. Ya karɓa, ya karkata allon wajen hasken ƙofa, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ɗora yatsa a layi na uku ya ce, "Da wa ka yi faɗa a nan?" Na rasa ta cewa. Da na duba da kyau, sai na ga alƙalamin ya nutse a wurin, tawada ta yi nauyi, baƙaƙen sun matsi juna kamar mutane a motar haya. Ya ce in ɓare takardar, in je in yi alwala, in sake.

Tun daga ranar ban ƙara tsoma alƙalami a kurtu ba sai da alwala, kuma ba na aiki rediyo na kunne. Bayan sallar asuba nake zama, kafin unguwa ta tashi. Wannan ba tsafi ba ne, kuma ba na cewa alwala tana gyara hannun da bai koya ba. Na ga masu tsoron Allah da rubutunsu kamar kaza ta yi tono. Abin da take yi shi ne tuna maka a gaban wa kake. Hadisin farko da yaro ke haddacewa a Arba'una na niyya ne, kuma mai zayyana ya fi kowa bukatarsa, domin jarabarmu riya ce. Hannu na so ya ƙara fure, ya ƙara launi, har ido ya bar ayar ya koma kallon mai zane. Sau da yawa abin da na fasa sawa ya fi wanda na sa ba ni wahala.

Daga baya na tuna wa yaron da Babban Gwani, Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a wajen shekarun 1830. Ƙasa ce da azara, irin waɗanda kowane magini ke aiki da su. Bakan gizo ma, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, ba shi ya fara ba. Amma ya ɗaga shi ya sarƙa shi yadda masana gini suka daɗe suna zuwa kallo. Shi kuma yaron, don kada in cinye masa haƙƙi, ya nuna mini a wayarsa aikin wani mai zane ɗan Sudan, Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin addini, wanda ya je Landan ya yi karatu, ya dawo gida ya shigar da baƙaƙen Larabci cikin zanensa. Na ce masa, to ka ji, wanda ya je Landan ma ƙofar gidansu ya dawo ya samo nasa.

Zayyanar kwamfuta da ake bugawa yanzu ba zan zage ta ba. Akwai talauci, kuma makarantar da za ta yaye yara ɗari a rana guda ba za ta jira irina ba. Sai dai na taɓa riƙe wata da wasali ya goce daga kan baƙinsa, an raba wa yara da yawa, babu wanda ya lura.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne idan za ku yi shafin fasaha, ku riƙa tura wakilinku zaurukan masu zayyana da marubuta Alƙur'ani da masu yaɓen gini, ya zauna ya ga aikin daga farko, kafin dattawanmu su ƙare. Shi kuwa yaron ya bugo mini waya, ya ce yana so ya koyi fiƙe alƙalami. Na ce ya zo ranar Alhamis da sassafe, da sabuwar reza, da alwalarsa.

Naka,
Wani mai zayyana,
Birnin Zariya