A Sake Duba Yadda Bankuna Ke Auna Ƙwazon Ma'aikata

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini.

'Yar ƙanwata tana aiki a wani banki a nan Kano, kuma ba ma'aikaciyar dindindin ba ce. Duk wata ana yanka mata adadin sababbin asusu da kuɗin ajiya da za ta kawo. In ba ta cika ba, sai takardar gargaɗi. Shi ya sa take yini a Kantin Kwari da Singa, rana na dukanta, tana lallashin 'yan kasuwa su buɗe asusun da ba sa buƙata. Wallahi yarinyar duk ta rame.

To, dattijon da aka cire wa kuɗi a POS ba su fito ba, wa zai saurare shi? Warware matsalarsa ba ya ƙara wa kowa maki, sai a ce, "Baba, ka dawo jibi."

Babban Bankin Najeriya, da ya umarci bankuna su ƙara jari a 2024, yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa. Ya kamata ya tilasta a sa saurin magance koke-koke cikin ma'aunin ƙarin girma.

Wani ɗan kasuwa,
Fagge, Kano